Mata da Matsalar Ruwa a Birnin Kudu da Gwaram

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, inda ƙasa take zaune bisa shimfiɗaɗɗen dutse. Saboda haka ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taru ne galibi a tsagogin dutsen. Canjin yanayi ya ƙara tsananta lamarin: da damina ambaliya takan gurɓata rijiyoyi, da rani kuma su ƙafe.

Nauyin wannan matsala kan mata yake faɗawa, domin su ke girki da wanki da reno, 'yammata kuma su ke ɗebo ruwan, har su makara zuwa makaranta. Manufar Ƙasa kan Jinsi ta 2006 ta nemi a ba mata kashi 35 cikin ɗari na muƙaman gwamnati, an kuma kafa Dokar Canjin Yanayi a 2021. Sai dai giɓin yana wajen aiwatarwa. A ƙofar dagaci akan yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse, alhali matan aure da yawa suna kulle. Muddin ba a shiga gidaje an ji ta bakinsu ba, manufofin za su tsaya ne a takarda.