Gola: magaryar da ake kira tuffar Sahel

Tuffar da ake gani a teburan ƴan kasuwar Agadas daga nesa take zuwa, shi ya sa take da tsada. Itacen tuffa na bukatar ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure sosai, kuma rana mai zafi tana ƙona ƴaƴansa. Amma akwai wadda ta dace da ƙasarmu, wato Gola, magaryar ƙasar Indiya da ake yi wa laƙabi da tuffar Sahel.

Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta taimaka wajen yaɗa ta a Nijar tun farkon shekarun 2000, ta hannun masanin noma Dov Pasternak. Ɗan Gola zagayayye ne, ya kusa girman ƙwan kaza, fatarsa sumul. Yana fara nuna sai ya juya daga kore zuwa ɗorawa. Idan aka gartsa shi akwai ƙaras-ƙaras da ruwa da zaƙi, ga sinadarin bitamin C da ya ninka na tuffa sau da yawa.

Ba a shuka ƙwallonta, don abin da zai fito ba zai gaji uwar ba. Aure ake yi mata: a yanko reshen Gola, a tsaga magaryar gida, a cusa shi, a ɗaure da leda. Saiwar ta gida ce, wadda ta saba da neman ruwa can ƙasa, ƴaƴan kuwa na baƙuwar ne. Wannan ya dace da yankin Agadas da ruwan samansa ba ya kai milimita 200 a shekara, musamman garake na bakin koramar Telwa, inda akwai rijiyoyi.

Kulawar ba ta da yawa, amma ba a wasa da ita. Duk tohon da ya fito ƙasan wurin auren sai a cire shi, in ba haka ba itacen ya koma magaryar gida. Bayan an gama tsinka da sanyi, a sassabe rassan da bazara, domin a sabon reshe take haihuwa. Babban maƙiyinta ƙudan da ke sa tsutsa cikin ƴaƴa ne, don haka a riƙa tsince waɗanda suka zuba ana binne su.

Gola ba ta jure ajiya. Mai garkar da ke son riba ya tanadi mai saye kafin ranar tsinka.