Matsue: Birnin Ruwa a Yammacin Japan

Matsue ce hedkwatar lardin Shimane, a gaɓar Tekun Japan, can yammacin tsibirin Honshu. Mazaunanta kimanin 200,000 ne, kuma cikin larduna 47 na ƙasar, Tottori ce kaɗai ta fi Shimane ƙarancin jama'a. Birnin yana tsakanin tafkuna biyu, Shinji daga yamma da Nakaumi daga gabas, kogin Ohashi kuma ya ratsa tsakiyar gari ya haɗa su.

Zuwa Matsue sai da haƙuri, domin Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, ba ya shiga lardin. Matafiyi kan sauka a Okayama ya hau jirgin Yakumo, wanda ke kutsawa cikin tsaunuka na wajen awa biyu da rabi. Wanda ya taso daga Tokyo yana iya shiga Sunrise Izumo da dare, ya kwana a gado, gari ya waye masa a hanya. Nisan nan ya cuci garin, don matasansa suna ta kwarara Osaka da Tokyo neman aiki. Amma da nisan da kuma tsirar da ya yi daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, su suka bar masa tsohon fasalinsa.

Abin da baƙo zai fara nufa shi ne fadar da basarake Horio Yoshiharu ya kammala a 1611. A 1875, bayan an kawar da mulkin samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan, aka rushe gine-ginen da ke kewaye da ita, sai wasu mutanen yankin suka biya kuɗi suka fanshi babbar hasumiyar. Yau tana cikin hasumiyoyin fada 12 kacal da suka rage da gininsu na asali a duk faɗin Japan, kuma a 2015 aka sanya ta cikin manyan kayan tarihin ƙasa. Kallo ɗaya za a yi mata a gane don yaƙi aka gina ta: baƙin katako a waje, kafofin harbi a bango, rijiya a ƙasan ginin saboda ranar da abokan gaba za su yi wa gari ƙawanya. Ana cire takalmi kafin a shiga, matakalar kuwa a miƙe take, mai ciwon gwiwa ya yi hattara.

Gwalalon da ya zagaye fadar har yanzu cike yake da ruwa, ana kewaya shi a kwale-kwale cikin minti 50. Wasu gadojin sun yi ƙasa sosai, sai matuƙi ya sauke rumfar jirgin, fasinjoji su sunkuya. A gefen arewa akwai titin Shiomi Nawate, inda tsofaffin gidajen samurai suke jere. A nan ne gidan Lafcadio Hearn yake, marubucin da aka haifa a Girka, ya zo koyar da Turanci a 1890, ya auri Koizumi Setsu, 'yar gidan samurai, daga baya ya ɗauki sunan Koizumi Yakumo. Bai cika shekara biyu a garin ba, a 1891 ya koma Kumamoto, amma rubuce-rubucensa ne suka sanar da Turawa Matsue, kuma mutanen gari sun riƙe shi kamar ɗansu.

Shayi ma yana da tarihi a nan. Matsudaira Harusato, wanda aka fi sani da Fumai, sarki na bakwai na gidan da ya karɓi mulkin yankin tun 1638, gwani ne a al'adar haɗa koren shayi. Tun zamaninsa garin ya yi suna wajen alewar shinkafa da wake da ake sha da shi. A abinci kuwa, miyar shijimi ce kan gaba, wato ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da ake kamowa a tafkin Shinji, sai taliyar soba da ake kawowa a akusa uku a ɗore. Matafiyi Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin girkin Japan yakan haɗa da giyar shinkafa ko da babu nama a ciki.

Da yamma mutane kan taru a bakin tafki kallon faɗuwar rana, kusa da gidan adana zane-zane na lardin. Tafiyar awa guda a jirgin ƙasa na Ichibata kuwa tana kai mutum Izumo Taisha, ɗaya daga cikin wuraren bauta mafi daɗewa a addinin Shinto. Mabiyansa sun yi imani cewa allolinsu kan hallara a can a wata na goma na tsohuwar kalanda.

Kwana biyu sun ishi mai son ganin birnin kaɗai, mai niyyar Izumo ya ƙara na uku. Lokacin hunturu akwai gajimare da danshi da dusar ƙanƙara, don haka watannin Afrilu da Oktoba sun fi dacewa da wanda bai saba da sanyi ba.