Nisan Kano da Yamai ta Jirgin Sama

Hakimai da magatakardansu sukan sha tambaya daga fatake da masu ziyara game da nisan da ke tsakanin Kano da Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. To, amsar iri biyu ce, kada a gama su.

Jirgin sama ba ya bin hanyar mota. Miƙewa yake yi sosai, ya nufi yamma, ya ɗan karkata arewa. Ta haka nisan bai wuce mil 450 ba, wato kilomita 700 da 'yan kai, tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci. Amma mai mota sai ya bi ta Katsina da Jibiya, ya ƙetare iyaka zuwa Maraɗi, sa'an nan Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ya ci fiye da kilomita 900, ban da jiran ma'aikatan kan iyaka.

Saboda haka magatakarda mai lissafin kuɗin tafiya ya fara tambaya ta ina mutum ya bi. Ya lura kuma, matuƙa jirgi da mil ɗin teku suke awo, wanda ya fi mil ɗinmu tsawo. Agogo kuwa ba a taɓa shi, gama lokacin garuruwan biyu ɗaya ne.