Ƙarfi da Motsi: Misalai Daga Iyakar Jibiya

A fagen kimiyya, ƙarfi yana nufin turi ko ja. Shi ne ke motsa abu, ko ya tsayar da shi, ko ya sauya masa alƙibla. A shekarar 1687 ne Isaac Newton, masani ɗan ƙasar Ingila, ya bayyana dokokin motsi guda uku. Ana iya ganin aikinsu a hanyar Katsina zuwa Maraɗi, wadda ta ratsa Jibiya.

Doka ta farko tana nuna cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tare shi. Shi ya sa fasinjoji kan rinjaya gaba idan direba ya taka birki a shingen kwastan.

Ta biyu kuwa, gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da tayar da shi ko tsayar da shi ke buƙata. Tirela mai ɗauke da buhunan masara ba ta tsayawa nan take kamar babur.

Ta uku, duk abin da aka tura, shi ma yana mayar da turin daidai wa daida. Taya na tura kwalta baya, kwalta kuma na tura mota gaba.

Abin lura ga malami shi ne, motar da ta ninka gudunta daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, nisan da za ta ci bayan taka birki yakan ninka sau huɗu. Wajibi ne yara su fahimci wannan, domin kullum suna tsallaka titi.