Hoton Alhaji da takardar gona: ɓarnar da ake yi da sunan adanawa

A Galma Kudawace da sauran garuruwan Madawa, Buza da Keita a Nijar, da wuya a shiga gida a tarar da bango tsirara. A turakar maigida akwai hoton da ya ɗauka shekarar da ya sauke farali, kusa da shi Ayatul Kursiyyu cikin gilashi. A ɗakin amarya hoton biki na bisa jere. A wani ɗakin kuma hoton ɗan da ya tafi cin rani Abijan ko Libiya ne, ko takardar BEPC ta yaron da ya fara kawo wa gidan shaidar boko. Abubuwa ne masu daraja a wurin masu su, da yawansu kuma ba su da na biyu.

To amma wata ɗabi'a ta zama ruwan dare tun da injin liƙa leda ya yawaita a shagunan kwafin takardu. Da an samu hoto ko takarda mai muhimmanci, sai ka ji an ce, "A kai a sa mata leda, ba abin da zai ƙara samunta." Da wannan magana aka lalata hotunan iyaye da takardun gado masu yawa, kuma har gobe ana yi, har da waɗanda suka yi karatu.

A gwada leda da firem. Firem dai ba wani abu ba ne illa katako huɗu, da gilashi a gaba, da marfi a baya. Aikinsa ya riƙe hoto ba tare da ya taɓa lafiyarsa ba, ta yadda ranar da aka so a buɗe a ciro shi yadda aka sa shi. Leda kuwa akasin haka take yi.

Ga abin da ke faruwa cikin injin. Ledar tana da gam a fuskarta ta ciki. Injin yana gasa ta da zafin da yakan kai digiri 100 ko fiye, gam ɗin ya narke ya ratsa cikin takardar, sannan ya daskare. Daga nan takarda da leda sun zama abu guda. Wanda ya yi ƙoƙarin ɓare ta zai ga rubutu da fuskar hoton sun biyo ledar, sun bar masa farar takarda a hannu. Idan kuma takardar irin ta rasit ce, wadda zafi ke fito da rubutunta, kamar hoton ciki da ake ba masu juna biyu a asibiti, to baƙi ƙirin za ta fito daga injin, nan take, a gaban mai ita.

Masu kare ɗabi'ar suna cewa ai leda tana hana ruwa shiga. Tana hanawa, na ɗan lokaci. Mai shago yakan datse gefen da almakashi dab da takardar don ta yi kyan gani, zafin watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, ya yi ta buɗe bakin a hankali. Da damina ta sauka, danshi ya samu ƙofa ya shige, ba shi kuma da ta fita. Takardar da ba a rufe ba idan ta jiƙe ana shanya ta a inuwa ta bushe. Wadda ke cikin leda kuwa jiƙe take zama. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon kati a aljihun ɗan kabu-kabu ya san kamanninsa: gefe ya kumbura ya yi fari, launin fuska ya malale ya koma ja da kore, hanci da baki sun haɗe, har mai katin ba zai rantse shi ne ba. Abin da ke jiran hoton Alhaji ke nan.

Wannan kuskure ma ba a nan aka fara shi ba. A shekarun 1930 wani mai gyaran takardu a jihar Bajiniya ta Amurka, William Barrow, ya fito da hanyar gasa tsofaffin takardu tsakanin leda biyu, manyan gidajen adana tarihi suka runguma, suka yi shekaru suna yi wa takardunsu haka. Daga baya ledar ta fara tsami, tana wari, tana murɗe takardar da aka ce za ta kare. Wajen shekarun 1970 zuwa 1980 aka daina, har yanzu kuma ƙwararru suna zaune suna cire ta shafi bayan shafi da sinadarai. Ledar shagunan yau ba irin waccan ba ce, amma ta fi ta wuyar cirewa. Masu kuɗi da ɗakunan bincike sun gwada sun ja da baya, mu kuma muna layi muna biya.

Sai batun hukuma, wanda ya fi ciwo. Tun da aka kafa dokar ƙasar noma ta Nijar a 1993, takardar shaidar saye ko gadon gona, mai ɗauke da sa hannun maigari da hatimi, ta zama abin da ke raba gardama a gaban hukumar filaye da alƙali. A kwarin Tarka, inda ɗan fegin albasa ke da tsada, wannan takarda ba abin wasa ba ce. Ma'aikacin da ke son tabbatar da ita yana so ya taɓa takardar, ya duba tawadar hatimin, wani lokaci ya ƙara rubutu a bayanta. Leda ta hana shi duk wannan, ta kuma sa shi zargin ko an ɓoye wani gyara a ƙarƙashinta. Haka abin yake ga takardar haihuwa da ta makaranta: ofisoshi da yawa a ƙasashe daban-daban ba sa son ganin ta asali cikin leda, a Amurka ma hukumar da ke ba da katin inshorar jama'a ta fito fili ta ce kada a liƙa masa. Garin neman gira sai a rasa ido. Mai son leda ya yi kwafi ya liƙa wa kwafin, ya yi yawo da shi a aljihu yadda ya ga dama, ta asali kuma a bar ta yadda take.

Abin takaici, kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Alƙur'anin da mahaddata ke rubutawa da hannu ba a ɗinke shi, ba a sa masa gam. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a sa cikin gafaka, a rataye nesa da ƙasa. Irin waɗannan littattafai, wasunsu sun haura shekara ɗari, suna nan a gidajen malamai da sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ana buɗe su ana karantawa.

To, idan ba leda ba, yaya za a yi? Firem ne, amma a yi shi yadda ya kamata, don shi ma yana da nasa tarkon.

Babban tarkon shi ne hoto ya kwanta a jikin gilashi. Fuskar hoton da aka wanke a situdiyo tana da wani siririn shafe da ke laushi idan ya sha danshi. Daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ɗaki ke cike da laima, shafen ya kumbura ya manne da gilashin, hunturu ya zo ya busar da shi a haka. Alamarsa wani tabo ne mai sheƙi kamar an ɗiga ruwa a tsakiyar hoton. Maganin ba shi da tsada: a yanka farar takarda mai kauri a yi mata taga, a ɗora tsakanin hoton da gilashi, ko a sa siraran tsinken roba ko na kwali mai kauri kamar milimita 2 a gefuna huɗu inda leɓen katako zai ɓoye su. Wannan ɗan sarari shi ne ran hoton. Idan kuwa ya riga ya manne, kada a ja. A fara ɗaukar hotonsa da waya ta cikin gilashin, a inuwa, ba tare da walƙiya ba, don a samu madadi. Shawarar jiƙa shi cikin ruwa da wasu ke bayarwa caca ce: tsohon hoton situdiyo yana iya sakuwa, amma wanda aka buga da injin tawada wankewa zai yi fes.

Bayan gilashi sai gam da salatif. Salatif yana bushewa ya faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ya ratsa har gaban hoto, ba ya kuma fita. Gam na takalmi ya fi shi muni. Kunun sitaci da ƙaro ba sa ƙona takarda, amma gayyata ce ga kyankyaso da gara. Abin da ya fi shi ne a ninke 'yan guntayen farar takarda a yi aljihu huɗu masu kusurwa uku, a liƙa su a jikin marfin baya, a zura kusurwoyin hoton a ciki. Gam bai taɓa hoto ba, hoton kuma yana da wurin motsi, domin takarda tana buɗewa da damina ta tsuke da rani, idan aka ɗaure ta ko'ina sai ta yi tudu a tsakiya.

Marfin baya ma abin dubawa ne. Kafintoci da yawa kwalin sabulu ko na taliya suke yankawa su toshe baya da shi. Irin wannan kwali yana da tsami, shi ne ke sa tsohuwar jarida ta yi ja, kuma zai ba hoton wannan launi cikin 'yan shekaru, har layukan kwalin su fito a jikinsa. Falanki ma haka, musamman wurin gaɓa. Idan ba a samu kwali mai kyau ba, a shimfiɗa farar takarda mai kauri, biyu ko uku, tsakanin hoton da marfin, a riƙa canza su duk bayan 'yan shekaru. Sannan a bi gefen bayan da takarda mai gam a toshe, don ƙurar hunturu ba ta neman izini.

Ga kafinta kuma, ƙorafin da aka fi yi masa shi ne kusurwa ta buɗe baki. Dalilin biyu ne: ko yankan bai kai digiri 45 daidai ba, ko katakan da ke fuskantar juna ba tsawonsu ɗaya ba. A haɗa biyun baya da baya a gani kafin a sa gam. Wanda ba shi da maɗauri na ƙarfe ya yanka robar cikin tayar keke ya zagaye firem ɗin da ita, tana matse kusurwa huɗu lokaci guda. Kafin gam ya kama, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu: idan awon ya zo ɗaya, firem ya miƙe. Ƙusa kuma a huda mata hanya tukuna, in ba haka ba siririn katako tsagewa yake. Ɗanyen katako a bar shi ya bushe, ko da mai aiki yana gaggawa. Gilashi a rage masa kamar milimita 2 daga faɗin gurbinsa, don idan katako ya tsuke da rani kada ya fasa shi.

Sai ratayewa, inda bangon ƙasa ke da nasa hali. Ƙusa a jikin yaɓe ba ta daɗewa, rana ɗaya za a ji tas a tsakar dare. A kafa turken itace mai ɗan tsawo, kansa na kallon sama kaɗan, ko a sauko da waya daga azara. A bangon siminti a huda a sa toshi. Igiyar baya a ɗaura ta wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama, ƙusa biyu kuma sun fi ɗaya hana firem karkacewa. A yanka guntayen tsohon silifa a liƙa a kusurwoyin ƙasa ta baya, don firem ya ɗan ja da baya daga bango, iska ta wuce. Gara tana son duhu da wurin da ba a dubawa, tana iya gina hanyarta a bayan hoto ta cinye marfi da takarda, gaba yana nan lafiya lau har ranar da aka taɓa. A sauke kowane firem a farkon damina da ƙarshenta a duba bayansa. Bangon gabas, wanda ruwa ya fi duka a ƙasar Hausa, a bar shi babu hoto.

Rana ita ma maƙiyiya ce: gilashin kasuwa ba ya tare ko rabin hasken da ke cin launi, shi ya sa hoton da ke fuskantar ƙofa yake komawa shuɗi-shuɗi. Hayaƙin murhu da na turaren wuta suna nasu aikin.

Wajen shara kuma, mata da yara su daina watsa ruwa a fuskar gilashi. Ruwan yana gangarawa ya shige ta ƙasan katako, takarda ta tsotse shi, ga fumfuna. A ɗan jiƙa tsumma a matse, a goge, a bi da busasshe.

Takardar gona da ta haihuwa da ta makaranta kuwa ba su da abin yi a bango tun farko. A sa kwafi a firem don baƙi su gani. Ta asali a shimfiɗa ta cikin farar takarda ba tare da ninki ba, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa duwatsu ko benci, nesa da ƙasa. Hoton da ba shi da na biyu a kai wa mai hoto a Madawa ko Ƙonni ya kwafe shi a na'ura ya wanke sabo, a rataye sabon, a tura kwafin ta waya ga ɗan'uwa ɗaya ko biyu, har da wanda ke Abijan.