Madatsar Ƙasa, Linzamin Ambaliya

Garinmu yana bakin wani rafi ne wanda da rani ko akuya sai ta tsallake shi. Amma in watan Agusta ya kama, aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin gari ya waye sai a tarar ya kwashe shukar fadama, ya rushe katangu. Da aka yi masa madatsar ƙasa can sama da gari, sai muka sami sauƙi. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda abin yake, gama da yawanmu ƙauye za a tura mu koyarwa.

Madatsa ba hana ruwa wucewa take yi ba, jinkirta shi take yi. Ku huda gindin ƙwarya, ku juye mata ruwan moɗa gaba ɗaya. Ruwan ya shiga farat ɗaya, amma a hankali zai tsiyaye. To, haka nan ruwan da zai auka wa gari cikin sa'a guda, sai ya taru a bayan madatsa, ya riƙa fita ta bututu kaɗan kaɗan.

Wajen gini, akan fara kankare ciyawa da saiwoyi, sa'an nan a zuba yumɓu a tsakiya, gama rairayi ba ya riƙe ruwa. Akan zuba shi shimfiɗa shimfiɗa, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. A bar gefe biyu da gangare, a dasa kiri-kiri don ya kama ƙasa. Daga gefe guda kuma a yanka mafita mai faɗi, watau hanyar da rarar ruwa za ta bi. Wannan mafita ita ce ran madatsa, domin muddin ruwa ya haura ta kanta, sai ya zaizaye ta.

Kada kuwa a ce an gina an huta. Saiwar itace, da gara, da gafiya, duk suna huda ta a ɓoye. Madatsar Bagauda ta ƙasar Kano, wadda ta fi tamu girma nesa, ta ɓalle cikin Agusta 1988 bayan ruwa mai yawa, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki.

Saboda haka, malamin da ya tarar da madatsa a garin da aka kai shi, ya riƙa zagaya ta da yaransa kafin damina. In ya ga tsaga, ko ruwa mai laka yana ɓuɓɓugowa daga gindinta, ya gaya wa mai gari tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.