Motar wasa ko jirgin ruwa mai rimot ya daina aiki: a fara duba mazaunin pil

Ana gobe Salla iyaye da dama a Kwaya da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas kan sayo wa yara motoci da ƙananan jiragen ruwa masu rimot, akasarinsu ƙirar Sin da ke shigowa ta Kano. Kwana kaɗan sai abin ya soma tafiya yana tsayawa, a ce ya mutu, a yar. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa lau, pil ne, wato batir, bai zauna daram ba.

Wannan fasaha ta jima a duniya. A 1898 Nikola Tesla ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa a birnin New York na Amurka. Har yau aikin iri ɗaya ne: rimot ya aika saƙo ta iska, na'urar cikin jirgin ta karɓa, ta juya injin. Amma sai da wuta. Kowane pil samfurin AA yana ba da volt 1.5, huɗu a jere su ba da 6. Da zarar guda ya rabu da ƙarfen da yake taɓawa, wuta ta yanke gaba ɗaya.

Abu uku ke jawo haka. Sifirin ɗin da ke danne pil yakan saki saboda jijjiga. Laima da ruwan pil da ya tsiyaye sukan sa ƙarfe tsatsa. Zafin rana kuma yakan lanƙwasa murfin roba. A jirgin ruwa matsalar ta fi yawa, domin pil ne mafi nauyi a cikinsa: in ya zame gefe, jirgin ya karkace, ruwa ya shiga.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A kashe abin, a cire pil duka. A ja sifirin a hankali ya ɗan ƙara tsawo. A goge tsatsa da takardar yashi har ƙarfe ya yi haske. Farin garin da pil alkalin ya bari ana goge shi da auduga da ɗigon ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai, a wanke hannu. In pil na motsi, a sa guntun soson katifa ƙarƙashin murfi, ko a ɗaure da robar cikin tayar keke. In waya ta tsinke, mai gyaran rediyo zai liƙe ta da dalma. Daga nan a kunna, a girgiza a hannu: in injin bai yanke ba, gyara ya yi.

Akwai dabarar da ya kamata a guje mata, wato cusa takardar azurfa ta kwalin taba ko guntun ƙarfe. In ta haɗa bakin + da na −, pil yakan yi zafi, ya tsiyaye, har ya narkar da roba a hannun yaro. Kada a gama sabon pil da tsoho. Batirin litiyom mai caji kuwa, in ya kumbura ko ya jiƙe, ba a huda shi, ba a sake sa shi caji, domin yana iya kama wuta. Ƙananan pil masu kama da maɓallin riga a nisanta su da yara. Wanda ya haɗiye, a garzaya da shi asibiti nan take.

Gwajin farko a yi shi cikin baho a tsakar gida. Da damina tafkuna sun cika, jirgin da wutarsa ta yanke a tsakiyar ruwa kuma yaro ne zai bi shi ya ɗauko.